Kalmar da Doña Hortensia Ta Koya wa 'Ya'yanta

Lota, Yuli 1988

Ɗana Nibaldo,

Bayan gaisuwa, ina fatan zafin gidan burodin Santiago bai gasa ka ba.

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ba shi da jam'iyya shi ne apolitiko. Ba haka ba ne. Ni ba ni da jam'iyya, amma na damu da wanda ke mulkina. Apolitiko shi ne wanda ko a jikinsa. To wai da wannan suna kake kiran kanka, in ji ƙanwarka, kuma ba za ka yi rajistar ƙuri'ar Oktoba ba, wadda za ta yanke ko mulkin soja zai ci gaba. Na riƙe baki! Kai da ka tayar mini da aji don an hana ƙananan yara madara? Faɗa mini ƙarya take yi.

Malamarka,
Eliana

Santiago, Agusta

Malama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ba ƙarya ba ce.

Ma'anar da kika bayar daidai ce, amma ba a littafi na koyi kalmar ba. Babanmu bai tafi Ajantina neman aiki ba, kamar yadda muka gaya wa makaranta. Sojoji ne suka ɗauke shi a bakin ramin haƙar kwal, ina shekara bakwai. Tun daga ranar, kowace safiya Mama kan tsayar da mu a ƙofa ta ce, "Ku su wane ne?" Mu ce, "Apolitiko ne mu, Mama." Sannan ta sake mu.

Yanzu in kai wa mutanen nan sunana da adireshina da hannuna? In Mama ta ji, zuciyarta za ta buga.

Ki huta lafiya,
Nibaldo

Lota, Agusta

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na ƙare a zaune. Shekara goma sha biyar ina tambayar mahaifiyarka labarin Ajantina, tana ce mini lafiya lau!

Na ruga gidanku, ba ta nan. A layin rajista na same ta, sanye da rigar zuwa coci, katin shaida a hannunta. Na ce, "Doña Hortensia, ke ce?"

Ta ce, "Rufa mini asiri, Malama. Kada Nibaldo ya ji, yaron nan matsoraci ne."

To ka ji. Ƙarshen wata za a rufe rajista. In ka sauke burodin safe, je ka tsaya a layi, ko da kana jin tsoro. Ita ma da tsoronta ta tsaya.

Malamarka,
Eliana