Kada Wanda Ya Cire Desni Daga Makaranta

Ni Nurbaiti ta garin Payakumbuh a Indonesiya, ƙafafuna sun mutu amma hankalina garau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne. Yusnidar da Asril, 'ya'yana, da ku nake, kuma raina a ɓace yake.

Na ɗaya. A al'adarmu gida da gonar shinkafa na mata ne tun kakanni, saboda haka suna hannunki, Yusnidar, bayanki kuma 'yarki Desni. Wannan yarinya da kike ce wa daƙiƙiya a gaban baƙi! Izu guda take ji sau biyu ta riƙe, lissafin 'yan babban aji da ka take yin sa. Haruffa ne kawai ke yi mata rawa a ido, likita ma ya faɗa. Ke kuwa kin kafa mata sharaɗi: ko ta zo ta ɗaya a aji, ta yi sauka da tsararrakinta bana, ko ta bar makaranta. Haba! Ke ta nawa kika zo?

Na biyu. Asril, kai ne kawunta, kai al'ada ta ɗora wa tarbiyyarta. Na ji shirinka na kai ta Jakarta ta wanke kwanuka a gidan abincinka, wai kanta ba na boko ba ne. Ban yafe ba in ka yi. Amfanin gona na bana a ɗauko mata malamar da ta san irin matsalarta, a roƙi makaranta a riƙa karanta mata tambayoyin jarrabawa. Gabar da kake yi da yayarka kan tafkin kifi kuma ta ishe ni, ku raba kifin.

Na uku, buri. Kowa ya yanka mata nasa, ba wanda ya tambaye ta. Ni na tambaya. Ba ta ce ta ɗaya ba. Cewa ta yi tana so ta karanta mini Yasin da idonta, yatsa a kan layi, ba da ka ba. Layi biyu take ci a mako. Ku bar ta da wannan, in ta gama ita za ta zaɓi na gaba.

Na san ba zan kai ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku ko ba kwa so. Ranar da ta shirya, ku kawo ta kabarina ku biyu, ku tsaya a bayanta. In ta kakare, ko za a kai magariba, kada wanda ya buɗe baki ya taya ta.