Ƙyallen Tatar Kaka

Litinin, 3 ga Maris

Ka yi haƙuri, littafi. Don darasin kimiyya aka saye ka, ga ni ina ɓata maka shafukan baya. Ban iya faɗa da baki ba ne.

Yau Malama ta ɗiga ɗanyar madara a gilashi, ta sa muka leƙa ta na'ura. Abubuwa ne ƙanana, suna motsi. Motsi fa! Ta ce ƙwayoyin cuta ne, kuma zafi ne ke kashe su: a ɗora madara a wuta har ta fara ɗan kumfa a gefe, a bar ta jim kaɗan, a sauke a sanyaya da wuri. Kayan aiki kuwa sai an tafasa su sosai.

Mu ɗanya muke sha kullum. Auta ma.

Laraba, 5 ga Maris

Na kasa shan madara. Ko warinta.

Alhamis, 6 ga Maris

Gudawar Auta ta dawo. Shekararta biyu, amma wuyanta kamar na ɗan tsako. Umma na ba ta ruwan gishiri da sukari. Kaka ta ce haƙori ne.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi ƙarfin hali. Da mai madara ya kawo, na ɗora a wuta kamar yadda Malama ta ce, sannan Kaka ta karɓa ta tace da ƙyallenta, don ita ba a taɓa mata wannan aikin. Kafin la'asar ta yi tsami ta tsinke. Yaya ya ɗaga murfin ya toshe hanci.

"Likita, ƙwayoyin naki sun ji ɗumi ne suka haihu?"

Har Umma ta yi dariya. Na shige banɗaki na yi kukana.

Lahadi, 9 ga Maris

Ƙyallen ne. Na ciro shi daga ƙusar bayan ƙofar kicin, na ɗaga shi a rana. Da can fari ne, in ji Umma, tun kafin a haife ni. Yanzu kalar haƙorin tsoho, ya yi tauri a tsakiya, yana danƙo, ga ƙarni. Kaka ba ta sa masa sabulu, wai yana ɓata ɗanɗano. Ɗauraya kawai, a rataye, ƙudaje su yi sallama.

Wato na kashe su a tukunya, na mayar da madarar gidansu.

Sai da na wanke hannuna har ya yi ja.

Talata, 11 ga Maris

Na sace shi na tafasa. Ruwan ya koma rawaya, wani kumfa-kumfa na yawo a sama. Ina juyawa da cokali, sai ga Kaka a bakin ƙofa. Ta tambaya ko miyar ƙyalle za mu ci yau. Na kasa ɗaga kai. Ta matso ta leƙa tukunyar, ta daɗe.

"Duk wannan daga jikinsa ya fito?"

Na ce eh, Kaka.

"Da shi na tace wa uwarki."

Ta juya ta fita. Ba ta ci abincin rana ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Yanzu tata ake fara yi, sannan wuta, sannan kwanon da aka ƙona da tafasasshen ruwa. Auta ta ɗan samu, har ta ja min ɗankwali. Ban sani ba ko madarar ce, ko maganin asibiti.

Kaka ba ta yi min magana sosai. Amma da safe na tarar da ƙyallen a ninke cikin tukunya, an zuba ruwa, ga ashana a gefe. Da kofin Auta ma a ciki.

Da madarar ta huce na ɗanɗana, don in ji zafinta kawai. Rabin kofi. Ba wai ta yi daɗi ba ne.

Saura shafi biyu kafin in ci karo da darasin Malama. In ba ka gaji da ni ba, ka ara min su.