Ruwan da Haisam Yake Zubarwa a Ƙasa

Unguwar Takur,
Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zakiyya da 'yar jaririyarku da har yanzu sai a waya muke ganin kumatunta. Yaya karatu, yaya zaman Japan? Allah Ya ba ka abin da ka je nema, Ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Na leƙa Aujara na gano Inna, ƙafar ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida ba sanda, faɗan ne dai yana nan inda ka bar shi. Ta ce in gaya maka ta gaji da ganin fuskarka a gilashi. Maigidana Malam yana nan yana zirga-zirgarsa ta Kiyawa a babur. Zafi kuwa ya shigo da ƙarfinsa, ko ruwan randa ka ɗebo sai ka ji kamar an ɗora shi a murhu.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. Na sha ɗaukarta in yi maka saƙon murya, sai in ji muryar tana rawa, kuma ka san gidan nan, in ka yi tari a ɗaki ana jinka a zaure. Ba na so ɗana Haisam ya ji. Shi ya sa na zauna na rubuta, in na gama in ɗauki hotonta in turo maka. Zainu, tsoro nake ji, kuma littattafan zanen nan na wasan tanis da ka aiko masa, waɗanda kuke kira manga, su ne sila. Ba laifinka nake gani ba, don haka ka karanta har ƙarshe kafin ka fara kare kanka yadda ka saba tun kana yaro.

Kai shaida ne kan yadda ciwon sikila ya mayar da yaron nan, musamman bayan shi ciwon ya ɗauke mana yayarsa, 'yar farina da ban taɓa kiran sunanta ba tana raye, yanzu kuma ba na iyawa. Tun daga rasuwarta Haisam ya zama ɗan ɗaki. In ya dawo daga makaranta sai ya kwanta ya juya wa duniya baya, tuwo sai da lallashi. Ranar da kwalin littattafanka ya iso, wallahi na ga abin da na daɗe ban gani ba, na ji yana dariya shi kaɗai. Bai daɗe ba ya fara tambayar ko akwai inda ake buga tanis a Dutse. Babansa ya samo masa wani fili da ma'aikata ke zuwa da yamma, da wani bawan Allah, Koci Yahuza, mai koya wa yara. Muka je wurin likitansa, ya ce ba laifi ya motsa jiki, amma da sharaɗi biyu: ya riƙa hutawa, kuma ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi, domin bushewar jiki ita ce ke tayar masa da ciwo. Haisam ya yi alkawari. Ya fara cin abinci har da neman ƙari, ya yi abokai, ni kuwa ba irin addu'ar da ban yi maka ba.

To ni ma karambani ya sa na ɗauki littafin farko wata rana ina shara a ɗakinsa. Ka san Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Amma da na buɗe sai na ga ashe daga dama ake farawa, kamar littattafanmu na Islamiyya, hannuna da idona suka tafi daidai ba wanda ya nuna min. Rubutun na bar musu, zanen na bi. Ina gaya maka, a ranar miyata ta kama, kuma ban daina ba sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, duk lokacin da yake makaranta. Sunayen mutanen ciki sun fi ƙarfin bakina, sai na raɗa musu nawa. Jarumin na sa masa Siriri, don wuyansa kamar na Haisam yake. Abokin gabarsa Bushiya, saboda gashin nan nasa a tsaitsaye. Akwai kuma wani ɗan lukuti mai yawan kuka da ke riƙe masa jaka, shi na sa masa Na-Allah.

Gaskiya mutumin da ya zana labarin nan ya iya, kuma iyawar tasa ce take ba ni tsoro. Ƙwallo ɗaya sai ya ja ta shafi da shafi tana sama, kana riƙe da numfashi, kafin ta sauka kuma ya ɗauke ka ya kai ka yarintar mai bugun, ya nuna maka abin da ya sa yake son ci. Bushiyan nan da farko na tsane shi, har ina cewa ɗan banza da girman kai. Can sai aka nuna shi yana ƙarami, ubansa ya tsayar da shi cikin ruwan sama yana jefa masa ƙwallaye, in ya kuskure a hana shi shiga gida. Daga nan na rasa wanda zan goya wa baya. Babu mugu zalla a labarin, kowa da abin da ke cinsa. In mutum ya tsorata sai a baƙanta duk abin da ke bayansa, a bar idanunsa kawai, kai ma ka ji gabanka ya faɗi. Ni da na haura arba'in, da aikin gida a gabana, ya janye ni haka, ina ga yaro ɗan shekara goma sha shida?

Ga inda matsalar take. Siriri a gadon asibiti ya yi ƙuruciyarsa, da ciwon ƙirji, yana leƙen filin tanis ta taga. An zana robar ƙarin ruwa a hannunsa, an zana yadda yara ke wucewa da jakunkunansu shi yana kwance. Da na ga shafukan nan sai da na ajiye littafin na share ido, don ɗana na gani, kuma na san shi ma kansa ya gani. To shi Siriri da ya samu ya shiga fili sai ya yi wa kansa wani alkawari. A wasan nan, idan za a sauya gefe akan ba 'yan wasa ɗan hutu su zauna a benci su sha ruwa. Shi ba ya zama. Yakan tsaya ƙyam yana kallon abokin karawarsa, ya buɗe gorar ruwansa ya tuntsurar da ita a ƙasa. Na yi dabara na tambayi Haisam abin da aka rubuta a wurin, kamar ban damu ba. Ya ce min cewa yake yi ya gama zamansa da kwanciyarsa a asibiti, ruwa kuma an ɗura masa wanda zai ishe shi har ya mutu. Yana faɗa idanunsa suna ƙyalli.

Daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Wata yamma bayan na tashi ɗalibaina na Islamiyya, na hau adaidaita sahu na tafi filin ba tare da ya sani ba, na laɓe a bayan wayar da ta kewaye wurin. Na gan shi yana gudu yana bugu, kuma Zainu, ya iya, ban taɓa zaton ƙafafun nan za su yi sauri haka ba. Na ji daɗi har na manta abin da ya kawo ni. Sai aka zo hutu. Ɗayan yaron ya zube a benci yana ɗaga gora. Nawa ya tsaya a rana, ya buɗe gorar da na cika masa da hannuna, ya juye ta a ƙasa yana kallon yaron. Sauran yaran suka ɗauki tafi suna kiransa da sunan jarumin, ashe littattafan sun zaga hannunsu duka. Koci yana can yana fama da ƙanana a ɗaya gefen, bai gani ba. Daga inda nake ina hango leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na so in yi magana, amma na ji nauyin in kunyata shi a gaban abokan da ya daɗe bai samu ba. Da muka koma gida na yi masa faɗa, ya ce wasa ne kawai, ya sha kafin ya fita.

Washegari da hantsi ciwon ya tashi. Ba sai na ba ka labari ba, ka taɓa riƙe shi a irin wannan hali. Baya da ƙirji ne wannan karon, yana murƙususu yana kiran sunan Allah, numfashi sama-sama. Aka kwantar da shi, aka yi ƙarin ruwa, sai da ta kai ga ƙarin jini. Ɗakin da aka ba mu yana kusa da wanda yayarsa ta cika a ciki, duk fitar da zan yi sai na kawar da kai. Likita ya kira mu ni da Malam ya ce ciwon ya fara taɓa ƙirji, kuma irin wannan ba a so ya maimaita, don ba kullum ake samun kansa ba. Ban gaya maka a lokacin ba saboda kana jarrabawa. Amma abin da ya fi razana ni ba maganar likita ba ce. Da Haisam ya farfaɗo ya dubi robar da ke hannunsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Umma, kada ki damu, shi ma jarumin an sake kwantar da shi a littafi na biyar, daga nan ne ya dawo da ƙarfi." Na ce masa shi wancan mutumin takarda ne, in ya faɗi mai zane ne ke tashinsa da alƙalami, kai kuma jini da tsoka ne. Ya ce to don ladabi, amma na san maganata ba ta shiga ba.

Yanzu ya warware, kuma akwai gasar matasa da za a yi a Kano bayan Sallah, a tsakiyar wannan zafi, sunansa yana cikin waɗanda za su je. Koci Yahuza ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya ce zai sa ido, amma shi ma ya faɗi gaskiya cewa in an shiga fili ba a barin koci ya matso, balle ya ɗura wa yaro ruwa. Malam ya ce a bar shi ya je, ya rantsar da shi zai sha ruwa. Hujjarsa ita ce mun ga yadda yake kafin wasan nan, kuma hana shi wani irin kisa ne a tsaye. Ban iya musa masa ba, don ni ma na gani. Na yi tunanin in tattara littattafan in cusa a murhu, sai na ga wahalar banza ce, ya riga ya haddace su. Haisam yaro ne mai gaskiya, na yarda cewa da nufin cikawa ya yi rantsuwar. Amma na ga fuskarsa lokacin da ake masa tafi, kuma na san a Kano taron ya fi wannan yawa.

Ga abin da nake roƙonka. Littafi na ƙarshe da ka aiko ya tsaya ne a wasan ƙarshe da Bushiya. Siriri ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, hannunsa dafe da ƙirji, alƙalin wasa ya leƙo daga doguwar kujerarsa, Na-Allah yana kuka yana miƙo masa gora ta saman shinge. A nan aka yanke. Haisam ya ce ci gaban bai fito da Turanci ba tukuna, sai da yarenku na can, kuma kai kana karantawa. Kullum maganarsa ke nan, Kawu ya san ƙarshen, Kawu zai gaya masa. Ya tabbata Siriri zai ture gorar ya miƙe ya ci wasan, ya ce a irin labaran nan haka ake yi. Ba zan ɓoye maka ba, na zauna na tsara ƙaryar da za ka yi masa tsaf, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane haramcin ƙarya. Na yi istigfari na bar ta, kuma ko ba komai wata rana zai karanta da idonsa ya daina yarda da mu duka.

Don haka ka nemo littafin ka duba min, don Allah kada ka ja lokaci. Idan yaron nan ya karɓi gorar ya sha, ko ya zauna a bencin, ko da ya rasa wasan, ka kira Haisam nan take ka ba shi labarin da bakinka, ka ɗauki hoton shafin ka turo masa. Abin da likita da ni da babansa muka kasa, na san shafin nan zai yi. Idan kuwa mai zanen ya tashe shi da busasshen baki ya ba shi kofi, to kada ka kira shi, ni za ka kira. A ranar zan san cewa ni kaɗai na rage, zan tsaya a bakin ƙofa in hana shi zuwa Kano ko Malam ya yarda ko bai yarda ba. Zai ƙi ni, watakila ya koma ya juya wa bango fuska, kuma ban san yadda zan sake fito da shi ba. Amma na riga na wanke ɗaya na sa mata likkafani, ba zan iya na biyu ba.

Ka gaida Zakiyya da kyau, ka shafa min kan jaririya. Inna da Malam suna gaishe ku, haka Gwaggo Iyatu da su Hindatu. Haisam ya shigo yanzu ya gan ni da takarda, na ce masa kai nake rubuta wa. Ya ce in gaida Kawu, in kuma tambaye shi ko jarumin ya tashi. Na ce masa na tambaya.

Ka sa mu a addu'a. Wassalam.

Yayarka,
Kubura