Gidan Malam Sule ba na sayarwa ba ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Dattawan Jama'armu na Utaibiyya, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni ce Rakiya, matar marigayi Malam Sule direba. Jiya na fita takaba, shi ya sa sai yau ka ji daga gare ni. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. A bainar jama'a na rubuto domin a bainar jama'a ka yi maganar. Ranar zaman makoki ka ce mijina ya mayar da gidansa waƙafi ne don ya guje wa kuɗin jinya, kuma kwamiti zai roƙi alƙali a sayar a biya asibiti. Ina bayan labule, na ji da kunnena.

Na ɗaya. Gaskiya ne Malam ya yi waƙafin ne don kada ciwo ya cinye gidan, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana saurayi jinyar mahaifiyarsa ta cinye gidan ubansu, ƙannensa mata suka watse a ɗakunan haya. Shekara talatin yana tuƙi, lokacin Hajji yana jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa har ƙafafunsa su kumbura, kafin ya kafa wannan ginin. Ina alfahari da mijin da ya hango abin da ban hango ba.

Na biyu. Ya je mahkama da ƙafarsa ya yi waƙafin shekara shida kafin shanyewar jiki ta kama shi, lafiyarsa ƙalau, babu mai bin sa riyal ɗaya. Alƙali ya nemi shaidu biyu. Ɗaya ya rasu. Ɗayan kai ne, ranka ya daɗe. Sa hannunka na nan a sakkin waƙafin, wato takardar da alƙali ya bayar, kuma a ranar a gidanmu ka ci abincin rana, ka sa masa albarka.

Na uku. Wata goma sha huɗu ya yi a asibitin kuɗi. Na sayar da motarsa, na sayar da zinaren aurena, 'yan kunne kaɗai na bari. Daga bashin riyal dubu casa'in saura dubu sha tara. Ni da 'yata Maryam muna kai dubu ɗaya duk wata daga wainar da muke kai wa masu shaguna a unguwar Shisha. Asibitin ya yarda da haka a rubuce. Mai bashi bai kai ƙara ba, ban san abin da ya tayar da kwamiti ba.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Sama kaɗai sakkin ya ba ni da 'ya'yana. Ɗakuna biyu na ƙasa na tsofaffin matan da ba su da kowa ne a garin nan. Yanzu su uku ne. Inna Hanne ba ta gani, da lalube ta san ƙofar bayi. Malam ko a gadon asibiti, da bakinsa a karkace, sai ya tambaya ko an gyara mata fanka. In an sayar, ina za ku kai ta?

Roƙona biyu ne. Ka janye maganar a majalisar da ka saba zama, gaban mutanen da suka ji ta, domin Malam ba ya nan da zai kare kansa. Kuma kwamiti ya cire hannu daga gidan. Ba na neman taimakon kuɗi, sauran bashin nawa ne, ni zan ƙarasa shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa ka tsufa a ɗakinka, kada ya nuna wa iyalinka ranar da za a yi cinikin rufin kansu suna ji.

Wassalam.

Rakiya, matar marigayi Malam Sule,
Utaibiyya.