Wanne Ne Dutsenka, Yasir?

Zuwa ga ƙanena Yasir, a ƙasar Niuzilan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yarka, mu ma nan Sharafiyya muna lafiya, sai zafin Jidda da ka sani. Na rubuto maka a shafina, inda kowa zai gani, domin ka daina ɗaukar wayata tun ranar da na yi maka magana a zauren danginmu na waya. A gaban mutane ka yi taka maganar, a gaban mutane zan mayar maka.

Akwai kalma guda da take rikita mu Hausawa, ina jin har da wasu daga cikin masu karanta wannan. Kalmar ita ce ɗan ƙasa. Wanda aka miƙa wa takardar jinsiyya jiya, ɗan ƙasa muke ce masa. Wanda aka binne cibiyar kakan kakansa a wurin tun kafin a san takarda, shi ma ɗan ƙasa muke ce masa. Mun sa wa mutum biyu riga ɗaya. Kullum nakan ja kunnen yaran da nake koyarwa a kan wannan, ban taɓa zaton wanda na goya a bayana ne zai faɗa ramin ba.

Bari in maimaita abin da ka yi, don kada ka ce na ƙara maka gishiri. Ka turo bidiyon 'yan majalisar ƙasarku 'yan ƙabilar Maori, mutanen da Turawa suka tarar a tsibiran. Wata budurwa a cikinsu ta yaga takardar ƙudurin da ke neman sauya ma'anar yarjejeniyar da kakanninsu suka ƙulla da Turawa, suka miƙe suna buga ƙafa, suna zare ido, suna rera kirarinsu da ƙarfi, abin da a harshensu ake kira haka. Kai kuma ka rubuta a ƙasa: "Wai sunansa haka. To haka ake yi a majalisa? Bori ya hau." Dangi suka yi ta dariya. Sai ka ƙara da cewa yanzu duk 'yan ƙasa ne ku, babu wanda ya fi wani, kuma idan zaɓe ya zo, masu son dawo da ƙudurin nan da ya faɗi a majalisa za ka ba ƙuri'arka.

Wasan kalmar ya yi daɗi, ba zan hana ka ba. Tun kana yaro bakinka yake da kaifi. Amma na karanta na ji kunya, irin kunyar da mutum yake ji idan nasa ya zagi mai gida da abincin mai gidan a bakinsa.

Tunda ka yi kamar ka manta, ni ban manta ba.

Ka tafi ƙasar nan da wuƙa da sana'ar Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana gasa tsire a bakin titi a unguwarmu Karantina. Aikin yankan halal a mayanka ya kai ka. Har yau idan na ga naman rago na ƙasarku a kanti nakan tsaya in duba, in ce ƙila hannun ƙanena ne ya yi masa bisimilla. Ka sauka cikin sanyi da rigar Jidda. Kai da bakinka ka ba ni labarin Hemi, dattijon Maori da yake aiki a gefenka, wanda ya cire rigar sanyinsa ya ba ka, ya nuna maka inda za ka riƙa yin salla a bayan ma'ajiya, ya kuma tsaya a ƙofa don kada a dame ka.

Shi ya kai ka zauren taron danginsu. Ka ce an jera an gaishe ka hanci da hanci, ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffi masu sanda. Ka ce da suka ji ba ka cin abin da ba a yanka ba, sai suka jawo tunkiya suka ba ka wuƙa, suka ce yanka da kanka, kowa zai ci naka.

Kafin tafiyar ka kira ni a rikice. Ka ce a al'adarsu mutum ba ya fara gabatar da kansa da sunansa. Sai ya faɗi dutsensa, ya faɗi koginsa, ya faɗi danginsa, sannan a ƙarshe ya faɗi suna. Ka tambaye ni: "Yaya, mu wanne ne dutsenmu?" Na ce ka ba ni lokaci in yi tunani. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da ƙafa, bai koma ba, kuma bai bar mana sunan dutse ba. Baba a nan aka haife shi, mu ma haka, amma iƙama, takardar izinin zama, muke sabuntawa kamar waɗanda suka sauka bara. Daga baya na ce maka ka faɗi Dutsen Arfa, tunda shi ya jawo kakanmu. Ka ce ruwanka Bahar Maliya ne. Ka ce gidanku Karantina.

Ka faɗa musu, da Hausa, Hemi na tsaye kusa da kai. Ka ce tsofaffin matan suka tashi suka yi maka waƙa. Abin da ka gaya mini bayan nan yana nan a kunnena: "Yaya, yau ne karon farko da aka tambaye ni daga ina nake, ba don a ce in koma can ba."

Mutanen nan ne yau bori ya hau.

Lokacin da aka buɗe wa musulmi wuta a masallatai a ƙasarku, wa ya turo mini bidiyon matasan Maori suna yin wannan hakan a ƙofar masallaci, suna kuka? Kai ne. A lokacin ba ka ce bori ba. Cewa ka yi in duba yadda suka tsaya mana. Buga ƙafar ɗaya ce, zare idon ɗaya ne. Da suka yi don kai, zumunci ne. Da suka yi don kansu, sai ya zama hauka. Wannan ba ra'ayin siyasa ba ne, Yasir, butulci ne, kuma ba a gidanmu ka koye shi ba.

Ka ce doka ɗaya ga kowa. Magana ce mai daɗin ji, shi ya sa masu ita suka zaɓe ta. To amma tsakanin mutanen nan da waɗanda suka zo daga baya akwai alƙawari, kuma alƙawari kaya ne. Na karanta abin da na iya samu. An rubuta yarjejeniyar da harshe biyu, abin da aka faɗa da Turanci bai zo daidai da abin da aka faɗa da harshensu ba. Ni da nake yini tsakanin Hausa da Larabci na san irin ɓarnar da kalma ɗaya take yi idan ta ƙetara. Bayan sa hannun aka karɓe musu filaye masu yawa, aka riƙa dukan 'ya'yansu a makaranta don sun yi yarensu. Yanzu da waɗanda suka zo daga baya suka fi yawa, sai a ce a kaɗa ƙuri'a a sake fassara alƙawarin. Kai da ka taso a Jidda ka san sunan wannan. Ka ga mutum nawa da kafili, uban gidan da ya ɗauko su aiki, ya yi musu magana ɗaya kafin su taso, ya sauya ta bayan sun sauka? Ka taɓa jin wani ya kira hakan adalci?

Ka kuma ce tattakin da suka yi zuwa babban birni rashin aikin yi ne, da masu hankali ne da sun zauna an yi magana. Sun daɗe suna magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa jiya ka shigo ɗakin, tabarmarka ma ba ta gama kwanciya ba.

Ba ka nan lokacin da aka rubuta ikhla da jan fenti a bangon gidanmu na Karantina, wato a kwashe a fita za a rushe. Ba na jayayya da hukuma a kan wannan, gari nasu ne, sun ce gyara za su yi, mu kuwa mun san matsayinmu. Umma ma abin da ta ce ke nan, tana zaune a kan turminta ana loda kaya a mota: "Baƙo raɓa ne." Ba wanda ya ɗaga murya. Direba ya ce yalla, muka hau. Na koma unguwar bayan an gama, na kasa gane inda ƙofarmu take. Na nemi inda Baba yake kafa tukubarsa, fili ne kawai da ƙura.

Umma ba ta daɗe ba a ɗakin da muka kama mata a Bagdadiyya. Takan tsaya a taga ta tambaye ni ta wane gefe gida yake. Ranar da ta rasu, kai da kanka ka ce Hemi da matarsa sun zo gidanka sun zauna da kai har kwana uku, don a wurinsu ba a barin mai makoki shi kaɗai.

Kada ka ce na haɗa mu da su. Ban haɗa ba, kuma nan ne kalmar nan take yaudararka. Mu baƙi ne da muka daɗe, duk da haka ka ga yadda rabuwa da lungu ɗaya ta karya tsohuwa. To ina ga mutanen da dutsen nasu ne, kogin nasu ne, kaburburan nasu ne, ba su da wata ƙasar da za a ce su koma? Takarda ta mai da kai ɗan ƙasa, na yi murna, har na raba alawa ga ɗalibaina. Amma takarda ba ta ba ka dutse ba. A can, kai ne raɓar.

Abin da ya hana ni haƙura in yi shiru shi ne ƙuri'ar. Ka san mece ce a hannunka? Kakanmu bai taɓa zaɓe ba. Baba bai taɓa ba, Umma ba ta taɓa ba. Ni ina koya wa yara kalmar a littafi, ina nuna musu hoton akwati, ban taɓa tsayawa a layinsa ba. Fasfon da muke riƙe da shi na ƙasar da ba mu taɓa zama a cikinta ba ne. Taka ce ƙuri'ar farko a zuriyarmu tun daga mutumin da ya taso da sanda da gora. Ita ce za ka ɗauka ka jefi waɗanda suka ba ka wuƙa suka ce yanka mu ci? Idan ka yi, shi ke nan, ka yi da sunanmu duka, kuma ni ban yarda ba.

Ba zan ce maka ga wanda za ka zaɓa ba. Ban san 'yan takararku ba, kuma na san su kansu Maori ba bakinsu ɗaya ba a siyasa, kamar kowace al'umma. Kana da damuwar haya da asibiti da makarantar yarinya, ka auna su duka, haƙƙinka ne. Abu ɗaya na hana ka: kada ka zaɓa don jin daɗin cewa yau kai ma akwai wanda za ka rufe wa ƙofa.

Domin na san daga ina abin ya fito, ɗan Umma. Ina tuna ranar da ka dawo daga ƙwallo, rigarka a yage, wasu yara sun ce maka takaruni, baƙon Afirka, koma garinku. Ka tambaye ni ina ne garin namu in ba nan ba. Na wanke maka fuska, na ce ka yi haƙuri. Tun ranar kake neman inda za a ce kai na ciki ne. Yanzu ka samu, kuma kana tsoron kada a ƙwace, shi ya sa kake ɗaga murya fiye da waɗanda suka riga ka. Ba Hemi ne zai ƙwace maka ba. Shi ya fara ce maka shigo.

Ga abin da nake so ka gwada kafin ranar zaɓe, ba zai ci maka komai ba. Ka zaunar da 'yarka a gabanka, ka miƙe tsaye, ka gabatar mata da kanka kamar yadda suka koya maka, da Hausa, da murya a sama. Ka faɗi dutsenka. Ka faɗi ruwanka. Idan ka zo kan gida, ka faɗi Karantina. Daga nan ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar Hemi, ka tambaye shi abin da yarjejeniyar nan take nufi a wurinsa, ka rufe bakin nan naka mai kaifi har ya gama. Ku ma da kuke karantawa ta bayan kafaɗata, na Jidda da na gida, ku gwada faɗin naku, ku ga a ina murya za ta tsaya.

Allah ya jiƙan Baba da Umma da kakanmu da bai koma ba. Allah ya tsare ka a inda kake, ya raba ka da butulci, ya raya maka yarinya ta tashi ta san masu gida ta girmama su. Allah ya sa hannun da yake yanka da sunansa kada ya zalunci kowa a cikin akwati.

Wayata tana kusa da ni. Idan ka kira ba sai ka ba ni haƙuri ba. Ka fara da dutsen, zan gane.

Yayarka da ta goya ka,
Ummulkhairi,
Sharafiyya, Jidda.