Shaddar Sallarka Tana Hannuna

Assalamu alaikum, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Bankok? Mu nan Daura lafiya lau, ƙafar Baba ma da sauƙi.

Yaya, saboda kai ake rigima da ni a gida. Inna ta sayo maka shadda ruwan ɗorawa, ni kuma na karɓo ta daga wurin tela kafin ya ɗinka. A waya na karanta cewa a can Tailan inda kake wannan kalar ta masu bayan sarki ce, ja ta 'yan adawarsu, ruwan lemo ma wai tana da jam'iyya. Wace irin ƙasa ce wannan? A naɗa firayim minista, kotu ta tsige shi, a kawo wani, shi ma a tsige! Wallahi na kasa gane wa ke mulki.

Inna ta ce, "Kai da karatun wayarka! Yaushe yadi ya shiga zaɓe?" Tun ranar ba ta amsa gaisuwata.

Don Allah faɗa mini gaskiya, in ka sa ta zuwa Idi ba za a tare ka ba? In na ji shiru, farar shadda zan sa a ɗinka maka, in har ita ma ba ta da jam'iyya.

Gaishe da abokan zamanka. Ka yi mana addu'a Inna ta huce.

Ƙaninka,
Lawal