Layar da Ka Cusa a Amfilifayata

Zuwa ga Hammadu mai gyaran rediyo, wanda a da rumfarsa ke bakin Kasuwar Gombe, yanzu kuma aka ce yana Garwa ta Kamaru wajen 'yarsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Bukar mai jita na unguwar Shamaki, Babarbaren ubangidanka, idan tsufa bai sa ka manta wanda ya mallake ka ba. Ba ni da lambarka, ban kuma nema ba. Na sa an rubuta wannan an saka a waya inda kowa zai gani. Na san Fulani da son labarin mutane, ba za a rasa mai karanta maka ba.

Kada ka ɗauka sulhu na zo nema. Amfilifayata ce ta lalace, akwatin nan mai ƙara wa jitata sauti.

Ka san ta, ai kai ka raine ta. Baƙar nan mai ƙwayayen gilashi huɗu a baya, waɗanda kake ce wa bawul, masu yin ja kamar garwashi in sun ɗauki zafi. Wata biyu ke nan tana raina mini hankali. In kunna ta, ta ɗauka garau. In gama waƙa ɗaya, in shiga ta biyu, sai ta yi ƙara kamar an jefa ƙosai a mai, ta ɗauke ɗif. Bawul na ci, yatsuna na aiki, sauti babu. In dake ta a gefe, ta dawo. Wani lokacin da kanta take dawowa, ina tsakiyar zaginta.

Na sauya wayar jita har sau biyu. Na murɗa duk abin da ke murɗuwa. Na ce ko wutar unguwarmu ce, na kinkime ta zuwa gidan ƙanena a Madaki, can ma haka. Sau uku ina kai ta wajen wani mai gyara a tsohon layinka na kasuwa, sau ukun nan munafukar ko tari ba ta yi ba. Ya hure ta, ya ɗiga dalma inda ba a aike shi ba, ya kunna minti biyar ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce ya bar ta ta yi zafi tukuna, ya ce shi yana da aiki. A zuwa na uku ya dube ni da tausayi, wai ko zan je a duba mini kunne.

Ka ji ko? Maganarka ce ta biyo ni a bakin wani.

Shekara tara ke nan. Muna wasa a wani biki a Kumo, ga makaɗa ga mata, ka leƙo daga bayan amfilifaya ka ce, "Bukar, kunnenka ya fara tafiya, kawo in ɗaure maka tsirkiyar." A gaban jama'a, Hammadu. Babu lungun da za ka ja ni? Daga ranar na daina yi maka magana. Kai kuma da taurin kai irin na mai bin shanu ba ka taɓa zuwa ka ce in yi haƙuri ba, har ka tattara ka ƙetare iyaka.

To, wata biyu da suka wuce aka ce mini ka shigo Gombe ta'aziyya, ka yi kwana uku, ka wuce ta bakin layinmu ba ka tsaya ba. Ranar na rantse abin da hannunka ya taɓa ba zai ƙara zama a ɗakina ba. Na kyautar da rediyon da ka gyara mini, na jefar da sukundirebarka a kwata. Sai na tuna da layar.

'Yar ƙaramar nan ta fata da ka cusa a gindin bawul na biyu tun muna da baƙin gashi. Da na tambaye ka, cewa ka yi, "Tsari ne, kada ka taɓa." Na yarda da kai. Na ɗauka ita ke kare ni daga makaɗan da ke baƙin ciki da ni. Ko a ƙasa ba na ajiye amfilifayar sai an shimfiɗa tabarma, don girmama abin da ke rubuce a ciki. Ranar rantsuwar nan na zare ta, na wurga cikin gwangwanin ƙusoshi.

Da sauti ya fara ɗaukewa, na ce asirinka ne ke rama maka, kuma ba zan mayar ba ko za ta mutu. Shekaranjiya haƙurina ya ƙare, na ɗauki reza na farke ta, in ga abin da ka rubuta in kai a karya. Babu aya, babu hatimi, ko alif babu. Harshen tsohon takalmi ne, ninki huɗu, an ɗinke. Na naɗe yatsa da tsumma na taɓa bawul ɗin, sai ga shi yana girgiɗi a mazauninsa kamar haƙorin tsoho. Da ya yi zafi sai ya saki. Fatar ce ke tokare shi.

Shekara talatin ina shimfiɗa wa takalminka tabarma.

Me ya hana ka ce mini bawul ne ke rawa? Na san amsar da za ka ba ni: da ka faɗa, da tuni na cire na ce zan gyara da kaina. To, ko gaskiya ne, na ƙara shi cikin laifinka.

Na so in mayar da ita, reza ta riga ta yi mata gunduwa-gunduwa. Na yanka nawa takalmin. Ninki uku ya yi sako-sako, ninki huɗu ya ture bawul ɗin gefe ta ƙi magana gaba ɗaya. Yanzu matata Yagana ta ɓoye duk takalman gidan.

Ga abin da ya sa na ajiye girman kaina. Jikata Falmata, wadda kake ɗauka a kafaɗa kana cewa matarka ce, aurenta saura sati uku. Ta ce ranar kamu ba ta son kiɗan waya, jitar kakanta take so, kuma na amsa mata a gaban dangi. In abin nan ya ɗauke a tsakiyar waƙarta, ba za a ce bawul ba ne. Za a ce Bukar ya ƙare.

Ka zo, Hammadu, ka taho da takalmi irin wancan. Kujerar da kake zama a bayan amfilifaya tana nan. Ita kaɗai ban jefar ba, na ce wa Yagana nauyi ta yi mini. In ka zo, ka ɗaure mini tsirkiyar tun a gida kafin mu fita. Kunnen hagun ne kawai ya tafi. Kada ka yi dariya.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar maka idonka da hannunka, Ya sassauta maka wannan kan naka, Ya kawo ka Gombe lafiya kafin ranar. Allah Ya sa kada ɗayanmu ya tafi da maganar ɗan'uwansa a ciki. Amin.

Ubangidanka da har yanzu bai huce ba,
Bukar mai jita, Shamaki, Gombe.